Kwanson Tagullar da Ka Bari a Bayan Ƙofa

Zuwa ga kakana, Baba Tsoho,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, jikanka Awudu ne, ɗan gidanmu na unguwar Nima. Karatuna bai yi nisa ba, ka sani, sai ka yi haƙuri da rubutun.

Zancen kwanson harsashinka ne, na tagulla, wanda kake jingina sandarka a ciki a bayan ƙofa. Ɗanka Kawu Inusa ya so ya sayar da shi.

Ina tuna yadda kake ba ni labarin jirgin ruwan yaƙin Turawa da ka yi wa aiki kana saurayi. Tsohuwa kake kiransa, domin tun zamanin yaƙin farko aka ƙera shi, kai kuma a na biyu ka hau. Ka ce manyan igwoyinsa yaro zai iya rarrafawa ya shige bakinsu, amma duk zamanka ba ka ga sun harbi abokin gaba ba. Rakiyar jiragen kaya kawai yake yi, yana nishi a bayansu. Aikinka kankare tsatsa da shafa fenti. Ran da suka gwada igwa ba su gaya muku ba, ƙarar ta kurmantar da kunnenka na hagu. Da aka gama yaƙin suka sauke ka a tashar jiragen ruwa ta Takoradi da kwanson nan a hammata, jirgin kuma suka yanka shi suka sayar wa masu narka ƙarfe. Kana cewa, "Ni da Tsohuwa sallama ɗaya aka yi mana."

To, wani mai sayen kayan tarihi daga unguwar Osu ya ji labari. Kawu, wanda bai taɓa zama ya saurare ka ba ko sau ɗaya, sai ga shi ya zama malamin tarihi a gindin mai shayi. Wai kai ne mai harba babbar igwa, wai wannan kwansonta ne, wai ka nutsar da jirage. Ni kuwa na san abin da ka faɗa: manyan ba su da kwanso, albarushinsu a buhunan siliki yake zuwa. Wannan na ƙaramar igwa ne, mai harbin jirgin sama, kuma a ƙasa ka tsince shi kana shara.

Ka san mu a Zango, ba ma nuna wa baƙo tukunya sai an dirje ta da yashi da lemun tsami. Kawu ya ga kwanson ya yi baƙi, kunya ta kama shi. Ya ɗauka ya hau trotro, motar haya, har kasuwar Abossey Okai, zuwa rumfar da nake aiki, ya sa maigidana ya ɗora masa injin goge ƙarfe.

Baba, ina tsaye. Na san lambobin da ke gindinsa da 'yar alamar kibiyar nan, waɗanda kake kama yatsana kana bi da shi a kansu, su ne abin da mai saye zai duba. Na ga injin ya nufe su, na yi shiru.

Mai sayen ya zo da turarensa da takalminsa mai tsini, yana tsallake kwata yana toshe hanci. Ko ƙyallin bai kalla ba. Ya kifa kwanson, ya shafa gindin, ya ji babu lambobin, ya ajiye, ya ce a kai wa masu awon ƙarfe. Kawu ya bi shi har bakin titi yana rantsuwa da kabarinka, kabarin da bai san hanyarsa ba sai an nuna masa.

Da Kawu ya haƙura da shi na ɗauke, yanzu kwanson yana ɗakina a unguwar Kotobabi. Yana ƙyalli kamar kwanon amarya, ba ya kama da naka. Jiya na kifa shi na bi wurin da yatsa, sumul, babu komai. Da na buɗe baki da rubutun yana nan, amma a falon wani wanda bai san sunanka ba. Wannan na zaɓa, ban sani ba ko kai ma shi za ka zaɓa. Ka yafe mini.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya mayar maka da kunnenka a Aljanna, Ya sa abin da za ka fara ji da shi sallamar mala'iku ce. Amin.

Jikanka,
Awudu