Ƙarfe Mai Ɗigo Huɗu

Zuwa ga ɗan gwaggona kuma taubashina, Modi Direba, wanda ke kwance a maƙabartar Shagari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin wadda mai rai ke iya aika wa wanda ya riga shi, da roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima, dalilin wannan takarda shi ne in ba ka labarin motarmu. Na san ba za ta iso ka ba. Waɗansu ne za su karanta, kuma ba su san mu ba, don haka ka yi haƙuri in na maimaita abin da ka fi ni sani.

Lafiyata da sauƙi, ba yawa. Ƙafafu sun kumbura, hannun dama yana rawa, shi ya sa za ka ga rubutun ya karkace. Malamin da ya koya mana rubutu a elemantare da ya gani da na sha rula.

Ka tuna tare muka shiga soja, kai aka ba ka tuƙi, ni aka tura ni wurin gyaran motoci. Da aka sallame mu, muka ji ana gwanjon tsofaffin motocin bariki, muka haɗa abin da ke hannunmu muka ɗauko guda, mai shan fetur, mai silinda shida, fentinta kore har ya fara komawa toka. Ni na sa mata suna Gwaggo, domin da safe sai ta yi tari ta yi mita kafin ta tashi, kamar mahaifiyarka. Ka yi fushin ƙarya, ka ce ɗan kawu ba shi da kunya. Ita kuwa tsohuwar da ta ji, dariya ta yi har da hawaye, ta ce a kai ta Sifawa biki a cikin takwararta.

Albasar Shagari da geron Boɗinga da ta kai Sakkwato, Allah kaɗai Ya san yawansu. Ta kai amare, ta kai masu naƙuda, ta ɗauko gawa daga asibiti. Kullum abin da kake gaya wa mutane shi ne, "Ni ka tuƙi, shi ka kwana ƙarƙashinta." A cikin wannan duka ba mu taɓa zama mun ce taya naka ne, inji nawa ne ba.

Ranar da injin ya buga, a kan hanyar Dingyaɗi, shanu ne suka jawo ta zuwa ƙofar gidana. Muka ce bayan girbi za mu buɗe ta. Girbi ya yi ta zuwa yana wucewa. Motocin gas suka cika hanya, mu kuma muka tsufa. Kaji suka riƙa yin ƙwai a mazaunin direba.

Sai da matata Hauwa'u ta rasu, gidan nan ya zama ni kaɗai, ɗiyana kowa yana garin da abincinsa yake, sannan ka zo ranar kasuwar Boɗinga ka same ni a zaure ban ko wanke fuska ba. Ba ka yi mini wa'azi ba. Ka tsaya a bakin ƙofa ka ce, "Tashi mu buɗe cikin wagga tsohuwa, ina son in ji tarinta kahin in mutu." A lokacin na ɗauka motar ce damuwarka. Daga baya na gane.

Tun daga ranar buri ɗaya ya rage mana, ni da kai: mu ji injin nan ya tashi sau ɗaya. Ba tafiya za mu yi da ita ba, tayoyinta sun riga sun ruɓe. Ƙarar kawai muke so.

Kayan irin wannan inji ba a shiga kanti a sayo su. Samarin da ke sayar da kayan mota in ka faɗi sunan injin sai su duba waya, su girgiza kai. Sai dai a bi gawar 'yan'uwanta. Ka ji labarin wata da aka yasar a bayan wani tsohon sansanin masu haƙa rijiya, muka hau babur muka je, muka tarar ƙudan zuma sun yi gida a cikinta. Ka sha harbi a kunne, amma ka fito da distirbuta, mai raba wa fulogi wuta, a hannu kana zagina wai na tsaya nesa kamar hafsa. Ringin fistin a wurin wani tsoho a Sakkwato muka same shi, cikin kwali da bera ya ci gefensa. Gasket da hannu na yanka. Fistin guda da ya liƙe, sai da muka yi ta jiƙa shi da kananzir muna bugunsa a hankali da guntun icen kirya, har rani ya fita.

Da muka kwantar da injin muka buɗe ƙasansa, muka zo kan mariƙan karanshaf. Domin masu karatu: karanshaf shi ne doguwar sandar ƙarfe da ke juyawa a cikin inji, mariƙai kuwa ƙarafa ne huɗu masu kamar rabin munduwa, su ke rungume ta daga ƙasa. Tun a masana'anta ake ɗaure su jikin injin a huda ramin tare, saboda haka kowanne wurinsa kaɗai yake shiga, kuma a injinsa kaɗai. Na wani inji, ko da ƙirarsu ɗaya, ba zai zauna daidai ba. Kafin mu kwance su ka ɗauki ƙusa da guduma ka yi musu alama, na gaba ɗigo ɗaya, har zuwa na baya ɗigo huɗu. Ka ce, "Kowane da ɗakinai, in ka musanya musu sai sun yi hwaɗa."

Mital ɗin da ke kwance a cikinsu, wato siririn ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa, ya cinye, shi ne ma ya kashe injin tun farko. Ka zuba mariƙan huɗu da kafireta a buhun taki ka tafi da su Shagari, domin akwai wani direban da ke ƙetara iyaka, ka ce za ka nuna masa samfuri ya nemo mana sabon mital.

Ya kuwa samo. Ka bugo mini waya kana haki don murna, ka ce in tanadi baƙin mai da fetur, ranar kasuwa kana tafe. Ranar kasuwar na share zaure, na sa aka dama fura. Babban ɗanka Bello ne ya bugo a madadinka.

Modi, ga abin da ya faru a wurin jana'izarka, tunda kai kana kwance ba ka gani ba.

An shimfiɗe ka a ƙofar gida. Kafin a ta da kabbara liman ya juyo ya yi sanarwar da aka saba: duk mai bin marigayi bashi, ko wanda ke da ajiya a hannunsa, ya faɗa, kada a bar shi da nauyi. Mai shayi ya matso ya yi magana da Bello a kunne. Wani manomi ya ce akwai garmarsa. Ni ina sahun gaba, an riƙe ni ta hammata. Ta ƙofar zaure ina hango buhun takin nan jingine a lungu, bakinsa ɗaure da tsumman da na sani.

Ban yi magana ba. Ta yaya zan tsaya a kan gawarka in ce ina bin ka ƙarfe? Ajiya kuma, ajiyar wa? Ban ba ka ajiya ba, kayanka ka ɗauka daga gidana na Boɗinga, wanda gidanka ne, ka kai gidanka na Shagari. Duk zaman makoki ina zaune a zauren nan, buhun yana bayana, ina jin sa kamar mutum. Kowa ya san ba a zancen kaya a gidan rasuwa. Na ce a raina in an share makoki, hankali ya kwanta, sai in zo. Ko yau aka maido ni wurin, ban ga yadda bakina zai buɗe ba.

Da na koma gida ciwo ya kayar da ni. Damina ta same ni a kwance ta bar ni a kwance. A cikin wannan lokaci aka raba gadonka, kuma an raba shi bisa gaskiya, ban zargi kowa ba. An yi cigiya a gaban jama'a, babu wanda ya ce ƙarafan zaure nasa ne, don haka suka shiga dukiyar mamaci. Ƙarfe ba ya rabuwa tsakanin magada, sai aka kira 'yan gwangwan suka ɗora a sikeli.

Da na fara takawa, Bello ya zo gaishe ni. Ya kawo mini hularka da wani ɗan ƙunshi da ya samu a aljihun rigarka, ya ce bai san mene ne ba amma ya ga kamar nawa ne. Na buɗe. Sabon mital ne, a cikin takardarsa mai maiƙo, ko yatsa bai taɓa shi ba. Da na tambaye shi buhun, na ga fuskarsa ta canza, shi kuma ya ga tawa. Mutum mai furfura a gemu, ya durƙusa a gabana yana tambayata don me ban faɗa ba.

Ɗanka ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ka sani. Ya ɗauke ni a mota muka je filin 'yan gwangwan. Tudu ne na ƙarafa, gadajen ƙarfe, kekuna, ƙyauren mota, rana ta gasa su. Ba na iya hawa, sai aka ajiye mini kujera, ana ɗebowa ana zubewa a gabana ina shafawa da yatsa, domin idon ba ya ganin ɗigo. A nan na sami mai ɗigo ɗaya da mai ɗigo uku. Mai ɗigo biyu a bakin kasuwa muka tsince shi, wani mai albasa ya danne gefen tamfol da shi don iska. Da ya ji labari ya miƙo da hannu biyu, ya yi maka addu'a.

Kafireta an sayar wa masu zubin tukwane. Wataƙila yanzu wata na tuƙa tuwo a cikinta. Wannan ban damu ba ƙwarai, ana iya dasa wata.

Mai ɗigo huɗu, na baya, wanda ya fi su nauyi, shi ne babu. Mai filin ya ce tirela ta yi lodi ta yi kudu, wurin da ake narka ƙarfe a yi rodin gini. Ya faɗa a hankali, yana kallon ƙasa.

Ban haƙura nan da nan ba. Na sa aka koma wurin motar nan mai zuma aka kwanto nata na baya. Na san ba zai yi ba, kai ma ka sani, amma na wanke shi, na kwantar da sabon mital, na shafa mai, na ɗaure. Kafin in ƙarasa ɗaurewa karanshaf ta ƙame. Na sa sufana na ja da duk abin da ya rage a jikina, ba ta motsa ba. Na sassauta, ta juya. Na ɗaure, ta ƙame. Haka na yi ta yi har aka kira la'asar, kamar wanda bai taɓa riƙe sufana ba.

Wani mai injin gyaran ƙarfe a Sakkwato ya ce akwai dabara: a ɗaure baƙon mariƙin a sake huda ramin gaba ɗaya. Amma na'urarsa ba ta kai tsawon wannan inji ba, sai an kai Kano ko Kaduna, kuma bai san wanda zai karɓi aikin ba. Ni da masallacin unguwa ke gagarata wata rana. Ya dube ni, na dube shi, muka yi sallama.

To, ɗan gwaggo, labarin ke nan. Gwaggo ba za ta tashi ba. Na jima ina kewaye-kewaye kafin in iya rubuta wannan layi.

Na mayar da mariƙanka uku kowanne ɗakinsa, na ɗaure da yatsa kawai. Wurin na huɗu na cusa tsumma don ƙura. 'Yan gwangwan sun gano gidan, sukan tsaya da kurarsu su gaishe ni da ladabi, idonsu yana kan motar. Ba na jin haushinsu. Jira suke, kuma ba za su daɗe suna jira ba.

Abu ɗaya na gyara. Ranar Juma'ar da ta wuce na kira Bello da liman da maƙwabcina, na faɗa da bakina a gabansu cewa motar nan rabi taka ce, daga hanci har wutsiya. Na ce wa Bello ranar da aka shimfiɗe ni a ƙofar gidan nan, liman ya juyo ya yi tambayar nan, kada ya sunkuyar da kai. Ya ɗaga murya ya ce akwai kayan mahaifinsa a nan. Ya ce ba zai iya ba. Na ce na san ba zai iya ba, shi ya sa na tara shaidu.

Abin da ya fi damuna ban gaya wa kowa ba sai kai. Da hantsi nakan zauna a inuwarta in rufe ido in nemi ƙararta a cikin kaina, yadda take yi in ta kama, kafin ta daidaita. Da can tana zuwa. Yanzu na neme ta na rasa. Kai kaɗai ne kake iya kwaikwayonta da baki, kumatu a kumbure, kana buga ƙirji, har Hauwa'u ta leƙo ta ce tsofaffin banza. Duk garin nan babu sauran wanda zan ce wa ya tuna mini.

Na yi kewarka, bawana ɗan mace. Ka tafi ba ka nemi izinin ubangidanka ba, kuma ka bar ni da fura a kwano.

Allah Ya jiƙanka, Modi. Allah Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya haɗa ka da gwaggo da Hauwa'u a inda babu ciwo. In akwai wani nauyi da shiruna ya bari a kanka, na sauke shi duniya da lahira, kai ma ka yafe mini. Allah Ya sa in tawa ta zo in cika da kalmar shahada, Ya sa kada in wahalar da masu ɗaukata. Amin.

Hularka tana kan sitiyari.

Ni ne ɗan kawunka,
Umaru Makanike,
Boɗinga.