Sunan da Ke Kwance a Shara'i

Mansur, Makka
Farkon Rajab

Zuwa ga 'yata Murja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ki gaida mutanen Dambatta, waɗanda suka tuna da ni da waɗanda suka manta.

Shekara goma sha wani abu ke nan ina yin tambaya ɗaya, ba wanda ya ba ni amsa: ina aka kwantar da matata Hassana? Yanzu kuma ga takardarki, wai kina haɗa tarihin zuri'arku, in gaya miki inda kabarin yayar mahaifiyarki yake. Ni za a tambaya? To zauna ki ji. Malam Abdulwadud tela ne yake rubuta mini a shagonsa, don ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Na ce masa ya sa yadda na faɗa, kada ya zuba sukari.

Ranar da ta rasu ina aikin gini can bayan Ɗa'ifa, inda waya ba ta kamawa. Ita tana aiki a gidan wata Balarabiya, Hajiya Jawahir. Kafilinta, wato ubangidan da ya tsaya mata a wurin hukuma, daban, nawa daban, takardunta ma a gidan suke. Ciwo ya kama ta da safe, bayan la'asar an kai ta, don nan ba a jiran kowa. Da na dawo, Talal, ɗan gidan, ya riƙe hannuna yana cewa, "Allah yarhamha, ya Hajj, tana Shara'i." Na ce ina a Shara'i? Ya ce lamba tana wurin ma'aikata.

Murja, Shara'i ba irin maƙabartar gida ba ce, da za a ce miki kusa da kukar nan. Fili ne iya ganinki, ba suna, ba allo, sai duwatsu iri ɗaya. Na shiga ofis na ce, Hassana Ya'u, 'yar Nijeriya. Mutumin ya danna kwamfuta, ya ce, "Ma fi," wato babu. Na koma, ma fi. Har suka san ni, ina shigowa sai su ce, "Ga mai Hassana." Daga baya Hajiya Jawahir ta rasu, 'ya'yanta suka tashi, ban san inda suka nufa ba. Abin da na gane shi ne sun zuba ta cikin waɗanda ba a san masu su ba, matar da ta goya musu 'ya'ya har suka yi gemu.

Duk Juma'a nakan je in tsaya a bakin ƙofa, in yi sallama ga filin gaba ɗaya, ko tata za ta kai mata.

Sai kuma mahaifiyarki. Ciki ɗaya, rana ɗaya, fuska ɗaya da Hassana, amma Hussaina ba ta taɓa taka garin nan ba, ko da ran Hassana ko bayan ranta. Kun yi arziki, na sani. Maƙwabtanku ma sun zo umara na kai su cin gurasa a nan Mansur. Ita kuwa ta waya ta yi mini ta'aziyya, a gurguje, kamar mai tambayar farashin gero. Ki karanta mata wannan wurin, kada ki tsallake.

Kafilina ya ce na tsufa da hawa katako, ba zai sabunta mini iƙama ba, wato takardar izinin zama. An buga mini fita ta ƙarshe, kafin azumi zan bar Makka. Ba mu da ɗa da zai zo bayana. Idan na tafi ban tsaya a kanta ba, shi ke nan.

Ki rubuta wannan a tarihin naki. Na bar ki lafiya.

Babanki,
Sabitu Mailafiya

Kano
Tsakiyar Rajab

Baba Sabitu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Hoton takardarka ya iso ta waya. Ka gaida Malam Abdulwadud, rubutunsa ya fi na wasu malaman makarantarmu.

Baba, abin da ake dannawa a ofishin nan yanzu yana kan intanet. Akwai shafin da ake neman waɗanda aka binne a Makka. Ana sa suna ko rana, sai ya nuna maƙabarta da yanki da layi da lambar kabari. Ta nan na samo kabarin Kawu Suhaibu da ya rasu a hajji. Na sa sunan Inna Hassana ta kowace fuska, ni ma ya ce babu. Amma ban yarda ba. Wanda aka kai daga gidan da ke riƙe da takardunsa ba a rasa shi a rubuce.

Don Allah ka tuna mini ranar, ko da wata ne da shekara. Zan bi matan da aka binne a lokacin ɗaya bayan ɗaya.

Na karanta wa Umma wurin da ka ce, ban tsallake ba. Ta ce, "Mailafiya har yanzu ba lafiya," ta sa aka kama ta ta shiga ɗaki. Ba ta ci abincin rana ba.

'Yarka,
Murja

Mansur, Makka
Ƙarshen Rajab

'Yata Murja,

Sallama da gaisuwa. To, ke daga Kano za ki ga abin da na gagara gani ina tsaye a bakin ƙofarsa? Abdulwadud yana dariya, wai zamani ne. Na ce zamanin ya zo ya ɗaura bulo mu gani.

Amma gaskiya ɗaya zan faɗa. Tun da aka yi rasuwar nan, ke ce mutum na farko da aka ce wa babu ya ce bai yarda ba. Sauran duk haƙuri suke ba ni. Na ƙoshi da haƙuri. Wannan taurin kan naki na Hassana ne, haka take yi wa mai nama a kasuwar Ka'akiyya har sai ya sauya mata tsoka. Allah ya yi miki albarka.

Ranar kuwa ba sai na tuna ba, don ban manta ba. Talata ce, ta farko bayan ƙaramar Salla, shekarar da aka rushe gidan da muke haya a Jarwal muka koma Ka'akiyya. Abdulwadud ya san shekarar, don a lokacin ya buɗe shago, ya rubuta miki ita a ƙasa.

Zancen mahaifiyarki kuma, rashin cin abincin rana ba amsa ba ce.

Ki yi sauri. Na fara rabar da kayan aikina.

Sabitu

Kano
Farkon Sha'aban

Baba,

Ina gaisuwa. Ka zauna kafin a karanta maka wannan.

A ranar Talatar nan mace ɗaya ce 'yar Nijeriya aka binne a Shara'i. Shekarunta sun yi daidai, sunan uba Ya'u. Sunan da aka rubuta shi ne Hussaina Ya'u.

Baba, sunan mahaifiyata na gani a cikin matattu, ita kuwa tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Na kai mata wayar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe nan aka sa ni." Ta ce in ɗauko biro, ita za ta yi maka bayani da bakinta.

Lambar tana ƙasan takardar nan, yanki da layi da kabari. An kuma rubuta cewa a Harami aka yi mata salla. Ba a zuba ta cikin waɗanda ba a sani ba.

Murja

Kano
Rana ɗaya da ta Murja

Yaya Sabitu, mijin yayata,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina gajiya, ina fama da tsufa? An ce har yanzu bakinka bai tsufa ba.

Ka tuna lokacin da ka tafi Makka neman aiki ka bar Hassana a gidanmu? Shekara ta zagayo, wata ta zagayo, ba ka da halin ɗauko ta. Ta rame har awarwaro na zamewa daga hannunta. A shekarar mahaifinmu Baffa ya tashi hajji, ya ce da ni zai tafi, don ni na yi jinyarsa. Fasfo ya fito da sunana da hotona. Ranar tafiya na ja ta ɗaki na sa mata mayafina, na danƙa mata fasfon. Ta ce ba za ta karɓa ba. Na ce, "Ke miji za ki, ni Ka'aba ba ta gudu." A lokacin ba a ɗaukar hoton yatsa, fuska ake dubawa, fuskar kuma ka san ɗaya ce.

Baffa bai gane ba sai a filin jirgi, da ta yi dariya, don ita ce mai wushirya. An ce ya kalle ta ya ce, "Allah ya shirye ku," ya ci gaba da jan carbi.

Da wannan fasfon aka yi mata iƙama, da shi ta zauna. Ni na sa ta rantse kada ta gaya maka. Na san ka. Da ka ji kujerata ce, da ka sa ta a jirgi washegari, ka ce kai ba a yi maka sadaka da mata.

Kana cewa ban zo ba. Tana raye, na ji tsoron in zo a ga Hussaina biyu a kama ta. Bayan ta rasu, na ji tsoron a ce wannan ai ta mutu. Yara sun ce yanzu ba haka abin yake ba, amma kafin su fahimtar da ni gwiwoyi sun tafi, banɗaki ma sai an riƙe ni. Ranar ta'aziyya kuwa na yanke wayar ne don kuka ya taso, ba na so ka ji.

Wallahi ban san sunan ne ya ɓatar maka da kabarin ba. Na ɗauka ka san inda take, ni kaɗai kake wa fushi. Fushin kuma na saba da shi.

Ban yi nadama ba. Sunana ya yi ɗawafi, ya tsaya a Arfa, yanzu yana kwance a Makka. Mata nawa ne a Dambatta suka samu haka?

Ka je ka gaishe ta. Ka ce mata har yanzu ba ta dawo mini da mayafina ba.

Ƙanwarka,
Hussaina

Mansur, Makka
Tsakiyar Sha'aban

Zuwa ga Hussaina,

Sallama. Na je.

Mai gadin maƙabartar ya gan ni ya ce, "Mai Hassana, yau ma ma fi?" Na miƙa masa lambar. Ya duba, ya ce, "Ta'al, ya Hajj," wato in zo, ya shiga gaba ina binsa. Tana can ciki wajen katangar gabas, nesa da ƙofar da nake tsayawa. Na durƙusa na yi mata addu'a, na isar da saƙon mayafi. Talal kuma, duk inda yake, Allah ya saka masa, Harami ya kai ta.

Na tambayi wani malami ɗan Sakkwato da ke karatu a nan. Ya ce wanda jiki ya kasa har ba ya iya tafiya, ana iya yi masa umara, amma da izininsa. Haramina na nan a wanke. Sauran kwanakina a garin kaɗan ne.

Abdulwadud ya ce in sa godiya. Na ce godiya ba ta kai ba, ya bar wurin haka.

Amma ina da ƙara, kuma ba zan janye ba. Duk Mansur ba shagon da ban kira ki mara zumunci ba. Kina ji, kika yi shiru, kika bar ni. Wa ya ba ki izinin yi mini wannan alheri a ɓoye?

Ki ba ni amsa biyu, da muryarki, ba ta hannun Murja ba. Me ya sa kika bar ni? Kuma in ɗaura haramin da sunanki, ko kuwa? Wayar Abdulwadud na kunne, ina zaune kusa da ita. Wannan karon kada ki yanke.

Sabitu