Amsar da Igiya Za Ta Kai Maka

Zuwa ga Kinfe, hasken idona, sanyin ƙirjina, farar zumar tsaunukanmu, ruwan farko bayan dogon rani. Kai da sunanka ke riga addu'a zuwa bakina in na farka, Allah ya yafe mini.

A kan gwiwata nake rubuto maka, a gindin dutsen nan da ya haɗiye ka, don haka ka yi haƙuri da karkacewar rubutun. Tun ranar da ka tuɓe takalmanka ka miƙo mini, ka kama igiyar fata, ka dinga yin sama kana ƙanƙancewa har ka koma kamar ƙuda a jikin bango, ka shige ƙofar gidan zuhudu, ban ƙara cin abin da ya zauna mini ba. Cewa ka yi, "Hiriti, in kai laimar nan da zumar, Abba shugaban gidan ya kwance wa'adin ya sa mini albarka, gobe war haka muna kan hanyar gida." Ni kuma sarkin wauta har da dariya, har da ce maka ka kama zanenka da kyau kada iska ta tona maka asiri a gaban matan mutane. Yanzu ga idin waliyyin dutsen ya zo, gobe ne, takalmanka na nan cikin ƙunshina.

Na san ka san labarin, amma bari in faɗa maka yadda yake a kunnena. Kana jariri ƙyanda ta kama ka, mahaifiyarka Adey Mulu ta goyo ka har gindin dutsen nan, ta ce in ka rayu na gidan zuhudun ne kai. Ka rayu. Ka yi tsawo, ka zama magini, ka koyi yi wa 'yan mata murmushi da gefen baki, ita kuwa ta yi shiru da bakinta, tana fatan sama ta manta. Sai da aka sa ranar aurenmu, aka jiƙa hatsin biki, na gama saƙa gicciye a wuyan rigata, sannan hazo ya fara rufe wa mahaifiyarka ido, tsoro ya kama ta, ta faɗa. Muka ce abu mai sauƙi ne. Muka shiga cikin masu ziyara da laimar coci mai geza da tulun zuma, muna ganin da su za a fanshe ka.

Ga ni nan inda mace take tsayawa. Tun zamanin waliyyan farko da suka kawo bishara ƙasar nan ƙafar mace ba ta taka saman dutsen nan ba, ko ta kaza ko ta akuya, kuma ban taɓa jin haushin wannan ba sai da ya zama kai ne a can. Muna da 'yar majami'armu a ƙasa, muna da inuwar bishiya, muna da wuyan da ke ciwo saboda kallon sama. Ya abin ƙaunata, ka san yadda igiyar nan take kuka in mutum na kai? Duk wanda ya sauko sai na tashi tsaye, tun daga tafin ƙafarsa nake gane ba kai ba ne, amma ba na iya zama sai ya dire.

Ɗazu da hantsi Aboy Gidey, tsohon da ke ɗaura wa masu hawa ɗamara a ƙugu, ya sauko daga wurinku ya yafito ni.

"'Yar nan, zo. Mutuminki na gaishe ki."

"Yana cin abinci, Aboy?"

"Yana ci, in dai gasasshen sha'ir abinci ne. Ni shi nake ci tun ina saurayi, dubi yadda na yi kyau." Ya buɗe mini bakin da ba haƙori ko ɗaya.

"Aboy, don Maryamu ka faɗa mini abin da aka yanke."

Sai ya daina wasan. Ya ce babban Abba ya karɓi laima, ya karɓi zuma, ya sa albarka, amma ya ce abin da aka yi wa'adinsa mutum ne, ba a fansar mutum da zuma. Ko dai gobe a aske maka kai a sa maka hular zuhudu, ko kuwa ka yi wa'adin ɗanmu na fari namiji a madadinka, in ya yi wayo a kawo shi a ɗaura masa igiya. Ya ce ka amsa da cewa ɗa ba na mutum ɗaya ba ne, a tambayi Hiriti.

"Ki ce i kawai," in ji shi, "gobe in tare miki shi da hannuna, in miƙa miki kayanki. In kuwa a'a ce, tufafinsa na gida ne za su sauko a jakar fata, haka ake yi."

Kafin ya rufe baki matan da ke dafa gahawa a gefenmu sun rangaɗa guɗa. Ɗaya ta dafa ni ta ce, "Ke, me kike jira? Ɗan da ko cikinsa babu?" Wata ta ce, "Wa ya sani ma ko 'yan mata za ki yi ta zubowa, kin ga kin tsira da miji kin tsira da 'ya'ya." Suka bushe da dariya. Ni kuwa sanyi ne ya ratsa ni har ƙashi, don ban ga yadda zan tsaya a ƙofar gidan Allah ina shirya masa wayo ba.

Kinfe, ka tuna Lalibela? Ka tuna shekarar da muka taka da ƙafa zuwa idin haihuwar Almasihu, ayarin ƙauyenku da namu suka haɗu a hanya, mutanen gari suka fito da ƙwarya suka wanke mana ƙafafun da suka tsage? A can ne muka shiga ramin nan mai duhu da ke tsakanin majami'un dutse, wanda ake bi ba fitila, hannu ɗaya a bango, ɗaya a saman kai. Ina tsakiya numfashina ya ɗauke. Na kasa gaba na kasa baya, na tsaya ina kiran uwata kamar 'yar yaye. Sai na ji wani a gabana ya fara rera zabura ƙasa-ƙasa, bai taɓa ni ba, bai ce komai ba, yana dai ja da muryar a hankali don in bi. Da muka fito haske ka waiwayo ka ce, "Ashe mai wannan kukan babba ce, har na tanadi alewa." Na ce maka muryarka kamar ta jaki mai mura. Ƙarya na yi, ya masoyina. Ban taɓa jin abin da ya fi ta daɗi ba, kuma tun ranar nake bin ta.

Muryar nan ce take ba ni tsoro yanzu. Da asuba, in iska ta juyo, waƙar 'yan zuhudu na saukowa har nan, kuma ina rantse maka ina tsintar taka a ciki. Ba muryar wanda aka tsare ba ce. Na san yadda kake rufe ido in kana rerawa, na san yadda fuskarka ke kwancewa. Shin ka fara jin daɗin wurin? Shin ka taɓa tsoffin littattafan fatar nan, ka shaƙi lubban, ka leƙo ƙasa ka ga duniya ta yi ƙanƙanta, ni ma a cikinta? In wata mace ce ta ɗauke mini kai, na san inda zan same ta, na san abin da zan gaya mata. Da wa zan yi faɗa a nan?

Da Aboy Gidey ya tafi, na shiga majami'armu na durƙusa, na buɗe baki zan ce i. Wallahi har ta zo kan harshena. Kalma guda, gobe in ji ɗumin hannunka, in koma gida a yi biki, in tsufa ina yi maka mita a kan ƙurar da kake shigo mini da ita ɗaki. Me ya fi wannan sauƙi?

Amma a ƙofar akwai wata tsohuwa da na lura da ita tun zuwanmu. Kowace shekara tana zuwa, in ji matan. Takan toya gurasar injera da hannunta, ta naɗe a tsumma mai tsabta, ta sa a jakar da ake ja sama, ta zauna. In jakar ta dawo ba komai sai ta shafa cikinta, ta ce ɗanta da ke zuhudu a can sama ya ci. Rabonta ke nan da ɗanta. Ba za ta yi jinyarsa ba, in ya riga ta ba za ta ga kabarinsa ba, don a can sama ake binne su. Na tambaye ta ko shi ya zaɓa. Ta ce, "Shi ya zaɓa, 'yata, da gemunsa, shi ya sa nake iya barci."

Shi ya zaɓa. Namu fa? Yaron da zan ɗauka wata tara, in shayar, in koya masa tafiya ina sane da inda ƙafafun za su kai shi? Kowace safiya in ya ƙara tsawo zan ji kamar ana jan igiya. Zan ƙi ƙaunarsa sosai don kada rabuwa ta kashe ni, shi kuma zai ji a jikinsa bai san laifinsa ba. In kuwa na yi irin na mahaifiyarka, na ɓoye, na yi shiru, to wata rana wata yarinya za ta zauna a kan dutsen nan da nake zaune, da takalman saurayinta a ƙunshi.

Amsata a'a ce, Kinfe. Na rubuta ta, ina kallonta. Ba don ƙaunar ta gaza ba, ya ran raina. Da jinina aka ce, da tuni na miƙa wuya. Amma ba zan sayo ka da abin da ba nawa ba.

Ina roƙonka ka koma wurin Abba, ka faɗi a ƙafafunsa. Ka ce masa ya karɓa daga abin da muka mallaka. Ni zan ɗinka wa gidan rigunan hidima har idona ya mutu. Zan zo kowane idi ba takalmi, daga ƙofar gidanmu har nan. Kai ka hau kowane rani ka gyara musu katanga da rijiyoyin da aka sassaƙa a dutse, har ranar da hannunka zai kasa riƙe guduma. Ka ce masa mace ce a ƙasa take roƙo, ba ta iya hawowa ta yi da bakinta. In ya ƙi, ban san abin da zan ce maka ba. Ba zan ce ka sauko da wa'adi a wuyanka ba, don in igiyar ta tsinke da kai, ko ciwo ya same ka bayan shekara, ni na kashe ka. Ba kuma zan ce ka zauna ba, bakina ba zai iya ba. Ina tsoron Allah, ina tsoron rasa ka, ina tsoron ka karanta wannan ka ce Hiriti ta fi son yaron da babu shi a kan mutumin da ke raye.

Yanzun nan mahaifiyarka ta lallaɓo da sandarta ta zauna kusa da ni. Tun safe take cewa in amsa, in cece ta daga zunubi. Ta ji ƙarar takarda.

"Me kika rubuta masa?"

"A'a na rubuta, Adey."

Na sunkuyar da kai ina jiran tsinuwa. Ta juya ta fuskanci dutsen da ba ta gani. Can ta laluba ta kama hannuna.

"Ranar da na yi wa'adin nan," ta ce, "yaro ne kawai a bayana yana ƙuna. Ban san da ke ba, 'yata."

Na ce, "Na sani, Adey. Ni kuwa na san da yarinyar da za ta zauna inda nake zaune."

Aboy Gidey na kiran masu saƙo, za a ja jaka kafin rana ta faɗi, dole in naɗe. Gobe tun kafin a buga ƙararrawa ina gindin igiya, mahaifiyarka a gefena, ni ce idonta. In ƙafafunka ne suka fara leƙowa, kada ka duba ƙasa, ka riƙe da kyau, ka sauko a hankali, na iya jira. In kuwa jakar ce, zan kwance ta da hannuna, ba zan bar kowa ya taɓa ba, kuma ba za ka ji kukana daga can ba, na yi maka wannan alkawari. Wa'adi ɗaya nake da ikon yi, don a kan kaina ne: ko ka sauko ko ba ka sauko ba, ba wani namiji da zai kira ni tasa.

Taka a ƙasa, taka har a binne ta,
Hiriti