Mata Biyar a Ɗakin Sanyi

Detroit, 9 ga Janairu, 1953

Zuwa ga yayata Bronia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Tadek da yara. Yaya ƙafar taki da wannan sanyi? Ni jikina ƙalau, zuciyata ce ke tafasa.

Kin san shekara goma sha ɗaya ke nan ina buga rahotanni a sashen gwaji na kamfanin motocinmu. Bana sun ƙera na'urar da za ta ɗumama mota lokacin sanyi, ta sanyaya ta lokacin zafi. Ji yadda suke gwada ta: a tura mota ɗakin sanyi, injiniya ɗaya ya rataye kwat ɗinsa a waje, ya zauna shi kaɗai, baki gum, yana kallon agogo. In gilashi bai yi hazo ba, sai a rubuta an dace.

Wa ke shiga mota haka? Mu shida muke cusuwa ranar Lahadi, kwat jiƙe da ƙanƙara, kowa na zuba. Na'urar kuwa iskar ciki take juyawa, ba ta jawo ta waje. Numfashi zai kwanta a gilashi, direba ya makance a tsakiyar titi.

Na faɗa wa Mista Pruett, shugaban sashen. Ya ce, "Halina, yatsunki muka ɗauka aiki, ba kanki ba." Na ce littattafan da ke bayan kujerarsa ni na karance su, shi jingina kawai yake yi da su. Na ƙi buga rahoton. Ya ba ni mako guda: ko in buga, ko in kwashe kayana.

Ba zan buga ba. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Halina

Detroit, 17 ga Janairu

Yaya Bronia,

Ina gaishe ki, ina gaida mutan gida. Wasiƙarki ta iso, na ga inda kika ce in yi haƙuri. Kin makara.

Ranar Alhamis da rana na kawo mata huɗu daga mawaƙan cocinmu. Muka mirgina kwat ɗinmu cikin ƙanƙarar tsakar ma'aikata. Tsoho Lemuel mai kula da ɗakin sanyi ya buɗe mana, ya ce shi bai ga kowa ba. Na aika aka kira Pruett, ya zo tare da babban shugabansa. Muka shige motar gwajin, muka rufe, na kunna na'urar, muka kama waƙar coci.

Minti huɗu, Bronia. Gilashin ya koma fari fat, ko inuwarsu ba ma gani. Pruett yana buga ƙofa yana cewa wannan ba gwaji ba ne, surutun mata ne. Genia, mai babbar muryar nan, ta sauke taga ta ce, "Yallaɓai, taka matar ba ta numfashi ne?"

Babban bai yi dariya ba. Ya zura hannu ya shafa gilashin, ya daɗe yana kallon yatsunsa. An janye rahoton. Za su huda hanyar iskar waje, su sake gwaji da mutum biyar.

Jiya aka sallame ni, wai na shigo da baƙi ma'aikata. Na yi kuka a tasha, ba zan ɓoye miki ba, amma kada ki aiko min da naki kukan. Litinin zan tsallaka neman aiki a kamfanin motocin da ke ƙetaren titi. Lemuel ya ce su ma mutum ɗaya suke zaunarwa a mota. Na riga na gaya wa Genia kada ta shanya kwat ɗinta.

Ki shafa min kan yara.

Taki har kullum,
Halina