Masu Taki Biyu, Talla Ɗaya

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ruwan Fatakwal? Kazaure lafiya, ni ne dai hankalina ba kwance ba.

Aikin tallata kayan 'yan kasuwa a waya ya yi mini yawa, don ba na iya ce wa babba a'a. Na karɓi masu taki biyu, maƙwabtan rumfa a Babura, cikin gaggawa na rubuta wa kowanne "babu kamar takinsa". Ɗayansu, Alhaji Sule, ya kira ni: "Ɗana, wa ka yi wa ƙarya, ni ko shi?"

Yanzu waya na ƙara, sai na duba suna kafin in ɗauka. Ga Kawu ma yana son a tallata masa shinkafa. Ki gaida maigidan, ki taya ni addu'a bakina ya iya ce wa Kawu a'a.

Ƙaninki,
Nura