Dam Ɗinmu Yana Tsiyaya, Ku Bar Mu Mu Toshe

Zuwa ga Mai girma Shugaban ƙaramar hukumarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan ka wuni lafiya, kai da iyali da kansilolinka.

Ranka ya daɗe, tun bara na ji ana raɗe-raɗin cewa dam ɗin ƙasa da ke saman ƙauyenmu, tsakanin Gwarzo da Kabo, yana tsiyaya ta gindi. Na yi dariya. Na girma a gaban tsofaffi masu tatsuniya, na san yadda rami kan zama kogo a bakin mutane. Yanzu na daina dariyar.

Na ɗaya. A da, kowace shekara kafin ruwa ya sauka, mai unguwa kan kira gayya. Mu fito da fartanya da kwando, mu toshe ramukan gafiya, mu daɓe. Ranar da aka kafa allo aka rubuta cewa dam ɗin na gwamnatin tarayya ne, muka ajiye kwanduna, domin mu ba ma taɓa kayan hukuma. Wannan kuskurenmu ne, na yarda.

Na biyu. Sau uku ina zuwa sakatariya. Aka ce ruwa na tarayya ne, banki, wato ginin ƙasar da ke tare ruwan, na jiha, ku kuma a ƙaramar hukuma ana tsuke bakin aljihu. Na tambaya mu mutanen ƙasan bankin na wa ne, sai aka ba ni kujera.

Na uku. Da Shari'a ta zo, saƙon a daina kiɗa a wajen gayya bai kwana biyu ba ya iso mu, muka ce mun ji mun bi. Ashe dai saƙo ya san hanyar garinmu.

Gidana ne na farko a ƙasan bankin. Matata ƙafarta ta mutu, ba ta iya gudu, ni kuma ba na iya goya ta. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

Ba ma neman siminti. Ku ne kusa da mu. Abuja ba ta san sunan rafinmu ba. Ka ba mu takarda mai hatimi cewa in mun toshe ba za a kama mu ba, ka kuma kai kukanmu sama. Allah Ya ba ka ikon sauke nauyi, Ya tsare ka da zuriyarka.

In kana shakka kamar yadda na yi, wanda ya faɗa mini na ƙarshe shi ne Malam Sabo, mai gadin da kuka ajiye a dam ɗin. Ya faɗa mini ne yana ɗaure katifa a kan amalanke, zai kai iyalinsa Getso.

Wassalam.

Naka, Malam Idi Mai Rake.