Rimot Ɗin Inna

Baban 'yan biyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya kewar gida? Mu nan sai godiya. Yara suna gaishe ka, sun kuma fasa madubin ɗakinka, amma wannan shari'ar sai ka dawo.

An yi wa Inna aikin, kuma bai kai yadda ka tsorata ba. 'Yar tsaga ce a ƙirji ta hagu, aka saka wata na'ura da ba ta kai ƙaramin yatsana ba a ƙarƙashin fata. Likita ta ce ba magani ba ce, aikinta naɗar bugun zuciya dare da rana, har a gano abin da ke rikita shi yana kawo mata jiri. An kuma ba ta ɗan rimot, in ta ji ƙirjinta ya birkice sai ta kara shi a wurin ta danna, don a yi wa lokacin alama.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Mahaifiyarka ba ta danna rimot ɗin nan sai ta ji motsina. In na dawo daga makaranta da yara, ko jaka ban ajiye ba, sai in hango ta a kujerarta ta bakin taga ta kara ta danna, tana kallona ta wutsiyar ido. In na tambaye ta ko ta danna da rana, sai ta ce a'a. Ai ruwa ba ya tsami banza.

Matarka,
Malama

Baban 'yan biyu,

Sallama da fatan alheri. Ya jikin naka, murar ta sake ka?

Ka rubuto wai in daina zargi. Sannu, alƙali. To Yayarka ta zo dubiya, ta tambayi Inna yaushe take dannawa, Inna ta ce sai Malama ta dawo. Yaya ta dube ni tun daga ɗankwali har silifa, ta ce ashe ciwon yana da ƙafafu. Yanzu duk danginku sun ji cewa ni ce ciwon zuciyar Inna, kuma Yaya ta ce za ta ɗauke ta ta koma gidanta.

Shekaranjiya na yi abin da ban saba ba. An tashe mu daga makaranta da wuri, na cire takalmi tun daga ƙofa na shiga a hankali. Na same ta kwance a ƙasa kusa da kujera, gumi ya jiƙa mata wuya, rimot yana cikin tafinta. Tana ɗaga ido ta gan ni sai ta danna. Ta ce wai zafi ne ya sauko da ita ƙasa. Zafi, fanka tana juyi a kanta!

Ni dai zuciyata ta ba ni shaida ake tara mini, a kai gaban likita, daga can a kawo gabanka. Ni nake wanke mata wurin ɗinkin, ni nake tuna mata magani, yau kuma na zama dodo. Raina ya ɓaci ƙwarai. In mun dawo daga asibiti Yaya ta ɗauke ta, kowa ya huta.

Malama

Baban 'yan biyu,

Assalamu alaikum. Ka zauna kafin ka karanta wannan.

Mun je asibiti da Yaya. Likita ta buɗe abin da na'urar ta naɗa, ta ce kusan duk inda aka danna rimot bugun lafiya lau yake. Yaya ta gyara zama, ni ma na gyara, kowa da abin da yake jira. Sai likita ta nuna mana wasu wurare da babu alamar dannawa ko ɗaya, dukkansu da rana tsaka, lokacin ina aji. A nan ne zuciyar Inna take tafiyar hawainiya, wani lokaci har ta ɗan tsaya kafin ta ci gaba. Ranar da na same ta a ƙasa, suma ta yi.

Likita ta matsa wa Inna da tambaya kafin ta yi magana, kanta a sunkuye. Ashe ita a zatonta asibiti rimot ɗin yake kira, in sun ga abin ya yi tsanani su turo mota. Ta ce in ta danna ba kowa a gida, za a zo a ɓalle ƙofa a tarar da tsohuwa ita kaɗai, unguwa ta ɗauka cewa surukarta ta yar da ita ta tafi neman albashi. Shi ya sa take cije haƙori ta riƙe shi har sai ta ji takuna, don ko an zo a same ni a kanta.

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaya ma ba ta sake ɗaga kai ba.

Za a saka mata wata na'urar mai tayar da bugun in ya yi sanyi, mako mai zuwa. Na ɗauki hutu, kuma na gaya wa Yaya Inna ba ta zuwa ko'ina. Ka nemi izini ka taho kafin aikin. Ka zo ka yi mata faɗan wannan ganganci, don ni bakina ya mutu.

Taka har kullum,
Malama